Jatan Lande Uku a Gaban Alhaji Haruna

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Talata a shekarar 2016, ranar da aka gwada ni a zauren cin abinci. Ku sababbin nan da kuke ganina da baƙar kwat ina nuna muku inda za ku tsaya, to ku sani ni ma na taɓa faɗuwa jarrabawar da kuke shirin yi, kuma ba rashin sani ne ya kayar da ni ba.

Gidan abincin yana tsakiyar Riyad, ba nisa da unguwar Murabba. Abincin mutanen Sifen muke sayarwa, wanda suke kira tapas. Ga wanda bai sani ba, tapas shi ne a ɗebo abin da ba zai ƙosar da kyanwa ba, a sa a ɗan faranti, a kai wa ƙato mai gemu, ya ci ya ce madalla. Jatan lande uku faranti guda ne. Dankali yanka shida da ɗigon jar miya a kai, shi ma faranti ne. A ƙasarsu da giya ake korawa. Mu nan ruwan inabi ne zalla, babu abin maye ko kaɗan, amma kwalbar da kofi mai doguwar ƙafa da duk tsirfar zubawar an kwaso su yadda suke.

Shekara biyu na yi a kicin ina wanke-wanke, har sabulu ya tsattsaga mini yatsu. Ƙa'idar gidan ita ce, mai son fitowa zaure sai ya yi wata uku yana bin tsohon ma'aikaci. Daga nan a ware rana guda a ba shi tebur shi kaɗai, mudir, wato manajanmu, yana gefe da takarda yana dubawa. In ka ci, ka rabu da famfo ke nan. In ka faɗi, ka koma bakin famfon, ba mai sake sauraronka sai bayan shekara.

Mudir ɗin wani ɗan Sifen ne, Mista Raul, mutum marar hayaniya. Wata ukun nan abu biyu ya yi ta nanata mini: ma'aikaci a miƙe yake gaida baƙo, kuma abin da aka nema shi ake kaiwa, ba ragi ba ƙari. Ruwan inabi kuwa sulusin kofi ake zubawa. Na haddace su tsaf.

Ranar gwajin, da aka buɗe ƙofa bayan sallar Azahar, aka ba ni tebur na huɗu a sashen maza. Ba a jima ba mutum biyu suka shigo, saurayi da jallabiya, da dattijo da babbar riga yana dogara sanda. Ina ɗaga ido na gane dattijon. Alhaji Haruna ne na Funtuwa, aminin mahaifina. Bayan rasuwar babanmu, a gidansa na yi shekara shida ina makaranta. A gidan Alhaji ba a neman ƙari, don malmalar farko ma ba ka iya ganin bayanta. Saurayin kuwa ɗansa ne Nasiru, mai karatun hadisi a jami'a a nan Riyad. Ban ma san Alhaji ya shigo ƙasar ba.

Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Sai kawai na gan ni a durƙushe a tsakiyar zaure, takardar jerin abinci a hammata.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"A'a! Sabi'u? Kai ne cikin wannan ɗamara? Ikon Allah! Ya aiki, ya baƙunta?"

Muka yi gaisuwa yadda ake yi, ya mutanen gida, ya Hajiya, ya jikoki. Da na miƙe na hango Mista Raul ya yi ɗan rubutu. Na ce a raina, ɗaya ta tafi, saura a kiyaye sauran.

Nasiru ne ya yi odar. Jatan lande, gasasshen kifi, ganye, sai ruwa. Na rubuta, na kai kicin. Da kukunmu Siddiƙ, wani ɗan Sudan, ya turo mini farantin farko, na tsaya ina kallonsa. Jatan lande uku, kowanne ya naɗe kamar yana jin sanyi. Wallahi kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Mutumin da ya ciyar da ni shekara shida, yau Allah ya kawo shi inda nake aiki, in ajiye masa wannan? In ya koma Funtuwa ya ce me?

Na ce, "Siddiƙ, shinkafar nan ta mutanen Sifen mai ruwan ɗorawa, ta mutum huɗu, akwai?"

Ya ce, "Akwai. Wa ya nema?"

Na ce, "Ni."

Ya dube ni, ya leƙa zaure, ya ce, "Ya zol," wato mutumina a Larabcinsu, "yau fa gwajinka."

Na ce na sani. Na ɗauko babban tiren da mu ma'aikata muke cin abinci a ciki, na juye shinkafar, na tara dankali a gefe, na jera kifin da jatan landen a sama don kada a ce ban kawo abin da aka nema ba. Na ɗauka da hannu biyu na ratsa zauren. Larabawan tebur na biyu har juyowa suka yi suna bina da kallo. Na dawo na ɗauko kwalbar jan inabi.

Alhaji ya dubi kwalbar, ya dube ni. "Sabi'u, wannan fa?"

"Ruwan inabi ne, Baba. Kwalbar ce kawai mai kama da ta 'yan iska."

Na cika masa kofi fal har baki. Nasiru ya buɗe baki ya ce, "Yaya Sabi'u, ai Baba..." Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi." Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya sa hannu. Ya ci sosai. Ya shanye kofin, na ƙara, ya shanye. Nasiru kuwa tsakura kawai yake yi, fuska a murtuke. Ni na ɗauka halin ɗalibai ne.

Bayan sun tafi Mista Raul ya kira ni ofis.

"Tebur na huɗu me suka nema?"

Na faɗa masa.

"Me ka kai?"

Na faɗa masa.

"Dalili?"

Na ce, "Ubana ne."

Ya ce, "Na lura. Shi ya sa ban kore ka ba. Ajiye kwat ɗin, ka koma kicin."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na koma ɗakinmu a unguwar Batha har da ɗan alfahari na ba abokan kwanana labari. Suka ce na yi halin 'ya'yan kirki, kowa ya sa mini albarka.

Washegari da safe Nasiru ya kira ni. Alhaji yana asibiti, sukarinsa ya hau. Ashe jinyar ciwon sukari ce ta kawo shi Riyad. Kwana goma likita ya yi yana auna masa abinci, ya hana shi shinkafa da duk abin zaƙi. Tsoho ya gaji da abincin marasa lafiya, shi ne Nasiru ya bincika gari kaf ya samo gidan da abincinsa ya fi na kowa ƙanƙanta. Gidanmu ke nan.

Na nemi izinin awa biyu na tafi. Na tarar da shi a kwance, an sa masa ƙarin ruwa. Na durƙusa a gefen gado. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Yaro ya durƙusa mini a gaban ubangidansa, ya ɗauko tire da hannu biyu mutane na kallo, in ce a mayar? Ai gara sukarin." Sai ya ƙara da cewa, "Nasiru ya ce ya ga Baturen nan yana rubutu, wai gwaji ake maka. Ka ci?"

Na ce, "Na faɗi, Baba."

Ya ce, "To, mun faɗi tare."

Kwana huɗu ya yi aka sallame shi. Ni kuma na cika shekarata cur a bakin famfo kafin a sake ba ni tebur.

Saboda haka in na hana ku ƙara ko zaitun ɗaya a farantin baƙo, kada ku ce rowa ce ko tsoron mudir. Wanda ya zauna a teburinka ya san abin da ya kawo shi, kai ba ka sani ba. Balle namu mutanen. Balarabe in ka kai masa abin da bai nema ba zai ce ka ɗauke. Dattijonmu kuwa ba zai ce komai ba, zai yi bisimilla ya cinye, ko da abin zai kai shi gadon asibiti, don kawai kada ya ba ka kunya.