Gidan da Ila Ya Saya a Tanut

Ila mutumin wani ƙauye ne kusa da Ollelewa. Da damina manomin gero ne, da rani kuma ya zauna ya tufka igiyar guga ya kai kasuwar Tanut. Ba ya son hayaniya ko kaɗan. In ana hira a dandali shi ne na can gefe, kaba a hannu, sai dai "to" da "haka ne".

Duk ranar kasuwa yakan bi ta unguwar fatake da ke bayan gari, inda mutanen Damagaram suka zauna tun zamanin iyayensu. Gidajen ƙasa ne masu zaure, da manyan kurna a tsakar gida. Shi da ya tashi a bukka da darni, inda akuyar maƙwabci ke leƙa tukunyar mutum, katangun nan su suka fi ɗaukar masa hankali. Mutum ya shiga, ya ja ƙyaure, shi ke nan.

A shekarun da Nasara ke shirin ɗauke gwamna daga Damagaram su kai Yamai, Ila ya ji wani falke mai suna Attahir zai koma garinsu, yana neman mai sayen gidansa. Ya sayar da shanunsa na gado, ya haɗa da abin da ke rumbu. Aka yi ciniki a zauren mai unguwa Mailafiya, gaban shaidu, aka shafa fatiha. Da suna zagaya gidan Ila ya ga wani giɓi a katangar baya, ya tambaya.

"Wannan? Ba komai," in ji Attahir. "Ta nan iska ke shigowa."

Kashegarin tarewarsu, Ila na zaune gindin kurna yana jiƙa kaba, sai ga wata tsohuwa ta sako kai ta giɓin da tulu, mata na biye da ita. Ta yi sallama, ta ratsa tsakar gida, ta tsallake kabarsa, ta fice ta zaure. Sauran suka bi bayanta suna hira. Bai gama mamaki ba suka dawo, tuluna cike, suna ɗiga masa ruwa a tabarma.

"Inna, lafiya?" ya ce.

"Lafiya lau, ɗana. Ni ce Balki, bayanku nake. Hanyar rijiya ce."

"Ai gida ne."

"Gida ne mana. Wa ya ce daji ne?" Ta wuce abinta.

Da la'asar ya saro ƙaya ya toshe giɓin. Da safe ya tarar an ja ƙayar gefe, an jera ta tsaf jikin katanga. Ya tafi wurin mai unguwa, ransa a ɓace.

"Ranka ya daɗe, gida na saya ko hanya?"

Mailafiya ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Ila, gida ka saya, ba mai ja da kai. Amma matan nan in ba ta nan ba sai sun zagaya ta mahauta, ga nisa ga karnuka. Uwata ma ta nan ta bi. Ka yi haƙuri, za ka saba."

Bai saba ba. Abin da ya ƙara ƙona masa rai, matarsa Hawa ta saba tun ranar farko. Ta ajiye ƙwaryar fura gindin kurna, masu zuwa rijiya na tsayawa su sha, su sauke tulu, su buɗe hira. Tsakar gida ta koma dandali. Ila ya kwashe kabarsa ya koma zaure, sai ya ga ashe nan ma hanya ce.

"Malam, ni fa a ƙauye sai in wuni ban ga baƙon ido ba," Hawa ta ce masa.

"Ai shi ya sa na ce mu taso, don mu ƙara rashin ganinsu!"

Ana cikin haka ayarin Azbin ya sauka gari. Wani Buzu dogo mai suna Aghali ya durƙusar da raƙumansa a ƙofar gidan, ya shiga sauke kantun gishiri da buhunan dabino yana jibgewa a zaure, bisa igiyoyin Ila.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

"Masaukina ne," Aghali ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Ubana nan yake sauka. Ina Attahir?"

"Ya sayar mini!"

"Madalla. To kai ne mai masaukina." Ya miƙa masa dabino cike da hannu, ya tambayi inda aka mayar da randa.

Ila ya sake komawa wurin mai unguwa, ya dawo da amsar da aka ba shi da farko. Aghali ya zauna har ya sayar da gishirinsa ya auni gero. Raƙuma suka cinye rassan kurnar da suka leƙa waje, masu ciniki suka yi ta sallama tun hantsi. Da zai tafi ya saye igiyoyin Ila kaf don ɗaurin kaya, ya ce baɗi a tufka masa fiye da haka. Ila ya karɓi cinikin fuska a murtuke.

Kafin damina ya yanke shawara. Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya gine giɓin da hannunsa, ya shafe. Mata suka koma zagayawa ta mahauta. Inna Balki ta daina amsa gaisuwarsa, furar Hawa ta riƙa kwana tana tsami, ita ma maganarta ta ragu. Gida ya yi tsit yadda yake so, ya zauna gindin kurna yana tufka, yana gaya wa kansa ya ji daɗi.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi a tsakiyar damina. Ashe ta giɓin nan ruwan tsakar gida ke fita. Da ya rasa hanya ya taru, ya jiƙa gindin katanga, katangar baya duka ta zube. Ila na gona a ƙauye lokacin, yana noman gero, sai saƙo ya iske shi.

Da ya iso ya tarar da unguwa duka a gidansa. Maza na kwaɓa, mata na kawo ruwa, Mailafiya na tsaye yana nuni da sanda. Ba wanda ya roƙe su. Katanga ta kusa tashi, ta fi ta da kauri da kyau, ga giɓi a inda yake, har an yi masa baki mai santsi don kada tulu ya bugu.

"Ranka ya daɗe, wannan fa?"

"Don ruwa," in ji mai unguwa, bai ko juyo ba.

Ila ya dubi mutanen da laka ta ɓata musu tufafi saboda shi. Ya naɗe hannun riga ya shiga miƙa tubali, yana ƙunƙuni.

Bai sake gine giɓin ba, bai kuma daina mita ba. A gidan aka haifi ƴaƴansa, a nan ya tsufa, ya zama shi ake kira in za a raba gardamar iyaka a unguwar, abin da ya fi ƙi a duniya. Ko da ƙafa ta gaza, in damina ta faɗi sai ya sa a ɗora shi a jaki a kai shi gona, ya ce zai duba gero. Hawa kuwa ko sau ɗaya ba ta bi shi ba.