Huɗu da Uku

Tsagar gidanmu huɗu ce a kuncin dama, uku a hagu. Ni ne na ƙarshe da wanzami ya yi wa. Kafin a haifi ƙanena babanmu ya mutu, babu wanda ya kira wanzami don tsaga, ya tashi da fuska sumul. Ya kuwa yi shekara talatin yana ce mini mai fuskar ƙauye.

Shekarar da Caina ta yi wasannin Olamfik muna birnin Gwanzu tare da shi, muna sarin wandon jins a garin Shintan muna turawa Kano. Garin duk ya haukace. Ko'ina tuta, ko'ina ɗan sanda yana neman fasfo. A cikin wannan hali ƙanen nan nawa, ƙaton banza mai mata da 'ya'ya biyu, ya ce shi tatu, zanen tawada a jiki, yake so a dantse. Na ce a garinmu 'yan mata ake wa jarfa. Na ce haramun ne. Ya ce, "Yaya, kai da aka yanka da aska kake wa wani wa'azi?"

Na bi shi shagon mai tatun don in hana, ko in ɓata cinikin da ɗan Sinancin da na iya.

Mai shagon siriri ne, hannayensa duk zane kamar atamfa. Ya ajiye mana wani kundi mai kauri. Ƙanena ya yi ta buɗawa. Maciji mai ƙafa, kifi mai gashin baki, kan damisa, zobba biyar na wasannin. Mutumin da yake zaɓen wando dubu a tsaye, ya fi awa yana zufa a kan hoton kifi.

"Wannan fa, Yaya?"

"Ka yi. In ka je gida su ɗauka tallan tarwaɗa kake."

Ashe duk lokacin nan mai shagon fuskata yake kallo. Ya matso ya ce, "Lawban," wato maigida, ya nuna kuncina, ya tambaya wa ya yi. Na ce wani tsoho, ina ɗan kwana bakwai. Ya ɗauki biro ya zana a takarda, huɗu nan, uku nan, ya ɗaga babban yatsa.

Sai ƙanena ya karɓi takardar. Abin da yake gani a fuskata tun yana rarrafe, sai ranar ya ga kyansa, don ɗan Caina ya yaba. Ya ce, "Wannan za a yi mini."

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi. Wa'azin ma na manta. 'Ya'yana babu mai tsaga, uwarsu ta ƙi, ni ma ban matsa ba. Na ce a raina, ko a dantse ne, ko da tawada ce, ga wani zai ɗauki ta babanmu.

Mai shagon ya ƙirga layukan, ya ɓata rai. Ya ce huɗu babu kyau, a bakinsu sunanta ɗaya da mutuwa. Ya ƙara layi, biyar da uku, yana cewa, "Ba! Ba!" Na zaci Hausa ya fara ji, ashe takwas yake nufi. Su takwas arziki ce, wasannin ma ranar takwas ga watan takwas suka buɗe.

Na ce wa ƙanena, "Kai, huɗu ce. Ka duba fuskata."

"Layi ɗaya ne fa, Yaya. Ya ce ta fi kawo kasuwa."

"Ta wane gida ce biyar da uku?"

"Wa zai ƙirga?"

Na kama hannunsa na ɗora a kuncina, na ce ƙirga. Ya fizge, ya ce ina ba shi kunya a gaban mutane. Ya naɗe hannun riga ya zauna. Da injin zanen ya fara ƙara na fita.

Yanzu yana kasuwa a Kano, ya yi tumbi. In hira ta yi daɗi sai ya ɗage riga ya nuna wa mutane, wai tsagar kakanninsa ce, a Caina ya sa aka raya ta. Su kuma su yi ta gyaɗa kai. Ni kaɗai na rage da na san ƙarya yake. Ranar da aka binne ni da fuskata, tasa ce za ta zama ta gidanmu.