Gidaɗo, Abokin da Na Yi wa Hassada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, ga shi Gidaɗo ya riga mu komawa.

Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, 2025, da hantsi, ina tsakiyar wani garke a bayan Fakku ina yi wa maruƙa allurar ciwon huhu, wayata ta yi ƙara. Isah ne, ƙanenka. Ko sallama bai iya gamawa ba. Abin da na tsinta a cikin kukansa shi ne ka yanke jiki ka faɗi a wurin aikinka a Malesiya, jim kaɗan bayan la'asar ta can, kuma kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce zuciya ce. Shekarunka arba'in da bakwai. Na nemi gindin wata ƙirya na zauna, sirinji a hannuna, har mai garken ya zo ya karɓe shi.

Tun ranar mutane suke faɗin alherinka, kuma duk gaskiya suke faɗa. Nawa rubutun ya fi nasu nauyi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina yi maka hassada, Gidaɗo, ban kuwa sami ƙarfin faɗa maka kana da rai ba.

A makarantar kwana muka haɗu a Tambuwal, muna 'yan aji ɗaya. Kai daga ruga ka zo, Hausarka da gargada, Turanci kuwa babu ko kaɗan. Ni ɗan malamin makaranta ne, na tashi cikin littattafai. Kowace la'asar muna ƙarƙashin darbejiyar bayan aji ina biya maka karatu, daga nan ka laƙaba mini Malam, ba ka kuma sake kirana Mahmuda ba har ka bar duniya. Tare muka yi karatun lafiyar dabbobi, ni ina na ɗaya, kai kana tsallakewa da kyar. Tare aka ɗauke mu aiki a Kebbe. Na so ka ƙwarai a shekarun nan. Yanzu da nake dubawa, ina tsoron ko wani ɓangare na son da nake yi maka saboda kana bayana ne.

A 2014 na ga sanarwar a intanet: wata babbar gonar shanun madara a jihar Johor ta Malesiya tana neman mutum ɗaya da ya san cututtukan shanun ƙasashe masu zafi. Na cike takardata. Sai na ce ka nema kai ma, ko don in sami abokin zuwa Sakkwato ranar ganawa. Da hannuna na cike taka, na gyara maka Turancin.

Ta bidiyo aka yi ganawar. Suka nuna wa kowannenmu hoton wata saniya tana tafiya, suka tambayi abin da ke damunta. Na jero musu cututtuka uku da sunayensu na littafi. Da aka zo kanka, ka ce a sake nuna maka. Ka ce musu, da guntun Turancinka, saniyar nan lafiyarta ƙalau, tsakuwa ce ta maƙale mata a kofaton baya na hagu, kuma ba a daɗe da raba ta da ɗanta ba, shi ya sa take waige. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo. Sunanka ne a kai.

Na raka ka tashar Tambuwal, na yi murmushi har kumatuna suka yi tsami. A hanyar komawa Kebbe babur ɗina ya kafe a laka, na tsaya ina tura shi, abu ɗaya nake maimaitawa a raina: ni na ga sanarwar, ni na cike masa.

Daga nan saƙonninka suka fara zuwa. Ruwan da ke sauka kusan kowace yamma kamar an saita shi. Gonakin kwakwar manja da mota ke yin sa'a guda ba ta fita cikinsu ba. Wani ɗan itace mai ƙaya da ka ce warinsa ya kore ka daga ɗaki, amma da ka daure ka ɗanɗana sai ka nemi ƙari. Da suka gane idonka a kan dabba, suka riƙa tura ka zaɓo musu bijimai. Ka kwana biyu a jirgin ƙasa a Indiya, ka aiko mini da hoton wasu shanu masu tozo da dogayen kunnuwa, ka ce ka rantse dangin gudalenmu ne. A tsibirin Jawa ka ga ɓauna, wadda mu a nan sai dai mu ji labarinta a bakin maharba, tana jan garma cikin fadamar shinkafa, wata tsohuwa tana kora ta da tsinke. Ka yi sallah a wani masallaci da ake buga ƙatuwar ganga kafin kiran sallah. Kusan kowane saƙo da kalmomi ɗaya yake farawa: "Malam, da kana nan."

Kai da gaske kake faɗa. Ni kuwa gori nake ji. Sai in buɗe saƙon, in ƙura wa hoton ido, in bar shi ya kwana biyu, sannan in rubuta "Madalla."

Wata rana a majalisarmu ta bakin sakatariya aka ɗauko zancenka, ana cewa ɗan ruga ya fitar da mu kunya. Na ce, "Ku bar ganin hotuna. Kashin shanu yake kwashewa a can." Aka yi dariya, na ji daɗi. Maganar ta kai gare ka, ban san ta bakin wa ba. Ka kira ni kana ƙyaƙyatawa.

"Malam, wallahi gaskiya ka faɗi. Kuma kashin shanun ƙasar ga ya fi namu ruwa, sai da takalmin roba."

Da ka zage ni da na fi samun sauƙi.

Zuwanka gida na farko, ka sauka da wani akwatin sanyi mai aiki da hasken rana, ka rungumo shi tun daga can kamar jariri. Ka tuna yadda maganin rigakafi ke lalace mana a hanyar Kebbe kafin mu kai rugage. Da akwatin nan sunana ya tashi a wurin makiyaya, har ana cewa allurar Malam Mahmuda ba ta ƙarya. Ban taɓa gaya wa ko mutum ɗaya wanda ya kawo shi ba. Lokacin da mahaifiyata, Inna Mero, ta kwanta a asibiti a Sakkwato, kullum sai ka kira, ka sa aka aika maka da takardun gwajinta, ka kai wa wani likita da ka sani ya duba, ka fassara mini abin da ya ce dalla-dalla. Ranar da ta rasu ka yi kuka a waya fiye da wasu 'yan'uwana na jini.

A 2018 ka samo mini gurbin kwas na wata uku a can. Wasiƙa ta zo da sunana, masauki da abinci duk an tanada. Na ce maka fasfo ne ya ƙi fitowa. Ƙarya ce, ko nema ban yi ba. Na kwanta na hango kaina ina sauka a filin jirgi ban san gabas ba ban san yamma ba, kai kana gaba kana magana da mutane da harshensu, kana nuna mini inda ake sa ƙafa a matakalar da ke tafiya da kanta. Ni da na koya maka rubuta sunanka. Zuciyata ta ƙi. Na hana kaina ganin duniya don kada in gan ta a bayanka.

Akwai abin da ya fi wannan muni, zan kuma faɗe shi. Ka sha gaya mini wahalar zaman can. Shekara uku ka yi kai kaɗai kafin matarka Hadijatu da yara su bi ka. Ka ci Sallah da shinkafar kwali a ɗakinka. Wani lokaci ka zauna a jirgin ƙasa, na kusa da kai ya tashi ya canza kujera. Mahaifinka ya rasu a ruga kana Indiya, ba ka ga gawarsa ba, sai bayan wata huɗu ka zo ka tsaya a bakin kabari. Kana faɗa mini waɗannan don ka sami wanda zai rage maka nauyi. Bakina yana cewa Allah ya ba da haƙuri, can ƙasan raina kuwa wani abu yana lafawa, yana cewa ashe dai shi ma bai samu duka ba. Astagfirullah.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, bayan Babbar Sallah. Na ji za ka zo Kebbe, sai na ƙirƙiro aiki a kasuwar Dogon Daji. Ka ari babur ɗin Isah ka biyo ni. Ina cikin kara, inda ake cinikin shanu, ina duba bakin wani sa, na ɗaga kai na gan ka tsaye, furfura ta cika maka gemu. Ka sayo mana fura, muka tsuguna a inuwar wata rumfa.

Ka ce, "Malam, mi na yi ma?"

Na ce, "Ba komi. Aiki ne ya yi yawa."

"Shekara goma ke nan nika aiko ma da magana, kana ba ni kalma guda. Can ina da mutane, ba su rage ni da komi ba. Amma duk sun san ni ne bayan na zama wani abu. Kai ɗai ka san ni sa'ad da ban san komi ba. In ban yi hira da kai ba, da wa za ni yi?"

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Kalma huɗu ko biyar ce, da na faɗe su da ka yi dariya ka yafe mini a wurin, na san halinka. Sai na ji bakina yana tambayarka yaushe ne jirginku. Ka dube ni, ka daɗe kana dubana, sannan ka ce, "Laraba." Ka shanye furarka, ka dafa kafaɗata, ka hau babur.

A can aka yi maka sutura. A wurin zaman makoki a Tambuwal, Isah ya miƙo mini waya ya ce wani yana son magana da ni. Wani dattijo ne ɗan ƙasar, Alhaji Rosli, shugabanka a gonar. Shi ya tallafe kanka da ka faɗi, shi ya yi maka wanka. Ya ce, "Kai ne Malam? Kullum yana zancenka. Ya ce duk abin da ya sani kai ka buɗe masa ƙofarsa. Mutumin nan ɗan'uwana ne." Ya ce masallaci ya cika har waje, ma'aikata 'yan Indonesiya da Bangaladash sun yi sahu, waɗanda ba Musulmi ba ma sun tsaya a bakin hanya har aka wuce da kai.

Na ɗauka mutuwarka ta kashe abin da ke cikina. Ashe wuri kawai ya sake. Ina riƙe da wayar nan ina jin kishin dattijon da bai yi mini komai ba. Shi ya ci abinci da kai shekara goma sha ɗaya, shekarun da aka miƙo mini na ture. Shi ya ji maganarka ta ƙarshe. Shi ya san inda kabarinka yake, zai iya zuwa duk Juma'a. Ya kira ka ɗan'uwa da baki cike, ni da na riga shi saninka da shekara ashirin da wani abu ban iya amsa masa da komai ba sai "Na gode."

Ranar sadakar uku na tafi ruga wurin mahaifiyarka, Inna Hinde. Kai ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunanka ba, ranar ma ba ta kama ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, na zauna.

Ta ce, "Kai da ka yi karatu, ƙasar da anka aje abokinka, wane gefe take?"

Na nuna mata da hannu. "Gabas, Inna. Can gaba da Makka da nisa."

"To, alhamdu lillahi. Gefen da nika duba ne kullum sau biyar."

A nan na kasa riƙe kaina. Na ce, "Inna, ban riƙe shi da zuciya ɗaya ba."

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Ta turo mini ƙwarya da ludayi, ta ce, "Shi dai ya riƙe ka. Sha nono."

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, Inna Hinde, Allah ya sanyaya miki. Ina miƙa ta ga Hadijatu, wadda ta bar danginta ta bi mijinta ƙasar da ba ta jin harshenta, yanzu kuma take takaba a cikinta. Allah ya dawo da ke gida lafiya. Ga Khairat da Zubair da Atu, ku sani mahaifinku mutumin kirki ne tun yana yaro, ni shaida ne, kuma ƙofata a buɗe take gare ku in kun yarda ku shigo bayan kun karanta wannan. Ga Isah da sauran dangi na Fakku da Tambuwal, ga abokan aikinmu na Kebbe, ga Alhaji Rosli da jama'arsa, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. 'Yan majalisar da suka ji abin da na faɗa a kansa, ku shaida na janye, ina neman gafara.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Gidaɗo. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa a baƙuwar ƙasa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka raya abin da ya bari, ka kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, ka ɗaga shi sama da ni a can nesa ba kusa ba, sannan ka ba ni zuciyar da za ta yi murna da haka. Amin.

Mahmuda Aminullahi Tambuwal
Malamin dabbobi, Kebbe