Kalmar Da Na Yi Wa Kaka Ƙarya A Kanta

Ko da zan manta sunana, ba zan manta ranar da na kawo wa kakana takardar sakamako daga makarantar midil ba. Lokacin ina ɗan shekara goma sha uku, muna unguwar Soron Ɗinki, ƙafata ba ta minti biyar wuri ɗaya. A aike ni sayen gishiri, sai a tsinto ni Ƙofar Nassarawa ina kallon mai wasa da biri.

Malamin Turanci ya rubuta kalma ɗaya tak a ƙasan takardar: haphazard. Ya ma fassara mini ita a gaban aji, wai aiki ba shiri ba manufa, duk inda ta faɗi.

Kaka mai zayyanar manyan riguna ne, shi ke zana wa maɗinka hanyar da allura za ta bi. Ba ya karanta boko, idonsa kuma ya fara rauni. Ya ɗora yatsa kan kalmar ya tambayi ma'anarta. Ban ko ƙifta ido ba na ce masa, yaro mai tsari da natsuwa kenan.

Daɗin da ya ji ya isa a raba wa unguwa. Ya ninke takardar ya cusa a hula. Washegari ya kira ni zaure, ya shimfiɗa rigar wani Alhaji da za a karɓa ranar Alhamis, ya miƙo mini alƙalami da tawada. Ya ce tunda Turawa sun shaide ni, daga yau ni ne idonsa.

Ban auna ba, ban duba ba. Na fara daga tsakiya, na ji ana buga ƙwallo na leƙa, na dawo na ci gaba daga wani gefen. Da na gama, sai ka rantse kaza ce ta taka tawada ta yi yawo.

Kaka ya kawo rigar dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo. Na fashe da kuka na gaya masa ainihin ma'anar kalmar.

"Wato kara-zube," in ji shi. "Ashe Turawa ma suna da irinku, ja'iri, tunda har sun raɗa muku suna."

Ya sa na wanke tawadar da hannuna. Da rigar ta bushe, ya kama yatsuna ya bi da su kan yadin, taƙi bayan taƙi, ya ce kada alƙalami ya taɓa riga sai na ga ƙarshen zanen a raina. Alhaji ya karɓi rigarsa ranar Alhamis.

Takardar kuwa tana cikin hularsa har ya rasu. Tun daga nan na san kafin in ɗora hannu a kan abu, sai in tsaya in ga inda zan ƙare, musamman in wanda ya yarda da ni ne ya miƙo mini.