Ruwan Ƙirjin Baba Sale

Har yau ban manta da safiyar da babbar likitar sashenmu na ƙirji, a nan Riyad, ta sa aka kira ni in yi mata tafinta ba. Ni kaɗai ce nas mai jin Hausa a sashen. Majinyacin Baba Sale ne, wani kafinta daga unguwar Gubaira. Kansar huhu ta yi nisa a jikinsa, ruwa na taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari yana danne masa numfashi. Sai mu zuƙe ruwan da siririn bututun roba, ba a jima ba ya dawo yana haki.

Likita ta ce akwai maganin da ake gwadawa. Irin sinadarin da jiki ke yaƙar cuta da shi ne, amma haɗin ɗakin bincike. Ta robar nan ake zuba shi cikin ƙirji, ko ruwan ya daina taruwa. Ƙa'idar aikin ita ce a faɗa wa mutum komai kafin ya amince: ba waraka ba ce, yana iya ƙin karɓarsa, kuma in ya fasa ba mai jin haushinsa.

Baba ya dube ni ya ce, "'Yata, wato ni ne zakaran gwajin dafi?"

Na ce, "Baba, gwaji ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma wuƙa da nama suna hannunka."

Ya shawarci matarsa, Hajiya Rabi, suka amince.

Zubin farko ya sa masa zazzaɓi da rawar ɗari. Hankalina ya tashi ƙwarai, don daga bakina ya ji bayanin. Allah Ya sa zazzaɓin ya sauka. Da aka ɗauki hoton ƙirji, ruwan ɗan kaɗan ne. Hoto na gaba ma haka.

Ranar da suka dawo ganin likita, Hajiya ta tare ni tun daga ƙofa. "Sista, ƙara na kawo! Me kuka ɗura wa mutumin nan? Tun asuba yake zuba, jiya har maƙwabta ya tara yana musun ƙwallo."

Baba ya ce, "Rabu da ita, 'yata, ramuwar shiru nake yi."

Na fassara wa likita, ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce masa da Larabci, "Mabruk, ya ammi!" Wato barka, baffana.

Kansar ba ta tafi ba, kowa ya sani, har shi. Amma ku masu tasowa, ku faɗa wa majinyaci gaskiya da harshen da yake ji. In kun gama duba hoto kuma, ku tambayi mutanen gidansa. Su ne suka san ko magani ya ci.