Farin Wada a Tafiretata

Shekarun da nake bugun tafireta a wani ɗan shago kan hanyar Kasuwar Shanu, yawancin aikina takardun neman aiki ne da katin gayyatar biki. Sakandare na gama, amma lissafi da kimiyya suka kayar da ni, na yi aure, na koyi bugu.

Wata Laraba, motocin shanu sun cika titi, wani malamin kimiyya ya shigo da takardu rubutun hannu. Bakarkare ne, dogo, yana koyarwa a wata kwaleji a bayan gari. Ya ce zai dawo bayan la'asar. Na fara bugu, sai na riƙa cin karo da wasu kalmomin Turanci biyu, ma'anarsu farin wada. Na ɗauka tatsuniya ce, amma ga lambobi ko'ina.

Da ya dawo na ce, "Malam, wane ne wannan wadan da ya fashe?"

Ya yi dariya, ya ja benci ya zauna. "Tauraro ne, Malama. Idan tauraro irin ranarmu ya ƙone makamashinsa, sai ya tsuke ya koma kamar girman duniyar nan, ga nauyin tsiya. In yana da maƙwabci kusa, sai ya riƙa zuƙo iskar jikinsa har ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ya tarwatse."

Ya ce yawanci hasken waɗanda suka fashe kusan ɗaya ne, amma an ga wasu da suka zarce sauran nesa. Wani abokin karatunsa da ke ƙasar waje shi ke aiko masa da hotuna da bayani ta gidan waya.

"To me ya sa suka fi haske?"

"Ba a sani ba tukuna. Wasu na cewa wadanni biyu ne suka yi karo."

"Amma tunda ya riga ya fashe, ta yaya za a gane abin da ke wurin da farko?"

Ya dube ni sosai. "Aji nawa kika tsaya?"

Na faɗa masa, kunya ta kama ni. Ya ce tambayata ita ce ke hana masana barci, ana neman amsarta cikin hasken da ya iso gare mu. Sannan ya ce in maigidana ya yarda, mu zo mu leƙa madubinsa na hangen nesa.

Maigidana direban motar shanu ne, ba ya ƙin abin kallo. Ran Juma'a bayan magariba ya goya ni a babur, muka bi Malam wani fili ta hanyar Danchuwa, inda aka girbe gero. Malam ya daɗe yana saiti. Da na kara idona, wani ɗan farin tabo kawai na gani, kamar an goga alli a baƙin allo. Ya ce tarin taurarin da abin ya faru a ciki ke nan, shi wadan haskensa ya riga ya dushe.

Maigida ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Malam, don wannan muka baro tuwo?"

Muka yi ta dariya. Ni kuwa na sake leƙawa har idona ya kawo ruwa. A hanyar gida na ce wa maigida ina so in sake zana jarrabawa. Da muka shigo unguwar Bolewa, ya kashe babur, ya ce, "In kin faɗi kuma fa?"

"Sai in ƙara."

Malam ya ara mini littattafai biyu. In babu aiki a shago, sai in ture tafireta gefe in yi ta fama da su, inda ya cije in ajiye masa tambaya. Zaman farko lissafi ya sake kayar da ni. A na biyu na haye, ina da cikin 'yata ta biyu. Kafin nan an yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Damaturu, sai maigida ya ɗauki takardar sakamakon, ya tsaya da motar shanu a ƙofar makarantar Malam, ya shiga ya nuna masa da hannunsa.