Baban Sauti Ya Ajiye Abin Kunne

Kafin masu shara su gama da barandar gidan rediyon, Baban Sauti ya riga ya jingine kekensa a jikin katanga. Daga nan sai famfo, ya sabunta alwala, ya cire takalmi a ƙofar situdiyo kamar mai shiga masallaci. Abokan aiki sun sha tsokanarsa cewa na'ura ba ruwanta da alwala. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai ba don na'urar yake yi ba, don abin da ke cikinta ne.

Shi ne mai haɗa sautin shirin zikiri da ƙasidun yabon Annabi tun gashinsa yana baƙi. Masu sauraro sun san mai gabatarwa, sun san shehunnan da ake gayyatowa, amma ba su san mutumin da ke bayan gilashi ba. Ba ya katse kalmar shahada a tsakiya don a saka talla, ko mai tallan zai yi tsalle ya dire. Ba ya goge numfashin zakirai, ba ya goge tarinsu. Da zamani ya zo da wayoyi, samarin gidan suka fara yanka ƙasidu gajeru-gajeru suna ɗorawa, bai tsine wa zamani ba kamar wasu tsaransa. Roƙonsu kawai ya yi su riƙa barin baiti ya kai ƙarshe kafin su sa almakashi.

A ɗakin ajiya akwai kwalayen kaset-kaset da ya ɗauko a zawiyoyi yana saurayi. Yawancin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya, danshi kuma ya fara cin zaren. Shugabar shirye-shirye ta ce za a mayar da ɗakin wurin ɗaukar bidiyo, amma ta ba shi dama ya kwashe abin da zai iya zuwa kwamfuta. Aikin ba ya yiwuwa sai da shi, domin galibin kaset ɗin ba rubutu a jiki, shi kaɗai ya san muryar wane ce wannan.

A tsakanin nan likita ya gaya masa kunnen hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya, in yana son ya tsira da shi to ya rabu da abin kunnen da yake sauraro da shi. Mai ɗakinsa ta ji, ba ta yi wata-wata ba ta ɗauke abin ta binne a ƙasan akwatin kayanta. Da ya gaji da nema ya tambaye ta, sai ta ce:

"Malam, in ka kurmance, wa zan riƙa yi wa mita?"

"Ai kin ga na huta ke nan," in ji shi. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya zauna kusa da ita. "Mutanen nan da hannuna na riƙe musu makirfo. In na bari zaren nan ya ruɓe, ni na rufe musu baki."

Ya ji tsoro, kada wani ya ce bai ji ba. Ya faɗa mata yana tsoron ranar da ladan zai kira salla bai sani ba, yana tsoron jikokinsa su yi magana ya ga baki kawai yana motsi. Ta yi kukanta ta share. Da safe ya tarar da abin kunnen a kan sirdin kekensa.

Kai ne, Baban Sauti, ka yi wata da watanni kana goge zare da auduga, kana liƙa wanda ya tsinke, kana ƙara murya kaɗan-kaɗan saboda kunnen yana ja da baya. Kai ne ka ƙi gaggawa, alhali ka fi kowa sanin lokaci ba ya jiranka.

Wata rana wata mai ɗinki ta zo bakin ƙofa tana neman wanda ya fito da wata tsohuwar ƙasida da ta ji a wayar maƙwabciyarta. Mahaifinta ne mai jan baitin. Ya rasu tana ƙarama, ko hotonsa babu a gidansu. Aka kunna mata cikakkiyar. Tana sauraro har aka zo inda mai waƙen ya tsaya ya yi gyaran murya, sai ta dafe baki.

"Haka Baba yake yi kafin ya kira sunana," in ji ta.

Sai da mai gadi ya maimaita wa Baban Sauti maganar da ƙarfi kafin ya ji. Ya sunkuyar da kai.

Ya gama kwalin ƙarshe, kunnen ma ya gama nasa. Ranar da aka yi masa walimar ajiye aiki, samarin suka kunna wani zikiri daga cikin waɗanda ya ceto. Mu da muke wurin mun ga yana duban fuskokin mutane, mun gane babu abin da ke isa gare shi, kuma zuciyarmu ta karye. Sai mai ɗakinsa ta kama hannunsa ta ɗora a kan lasifika.

Mun gode, Baban Sauti. Allah Ya saka maka, Ya jiyar da kai abin da ya fi wanda ka rasa. Ku kuma masu yanka da ɗorawa a waya, ku riƙe muryar bayin Allah da amana yadda ya riƙe ta.

Baban Sauti ya tsaya da tafinsa a kan lasifikar, idanunsa a rufe. Da aka zo wurin amshi, bakinsa ya shiga tare da zakiran, bai riga su ba, bai makara ba.